A kori koci ko a ƙara haƙuri? Gardamar ƴan Mancesta a rumfunan kasuwa

Litinin ranar kasuwa ce a Maraɗi, amma duk wanda ya saba sammako ya san kafin a fara cinikin atamfa da shinkafa akwai cinikin baki da ake fara yi. Mai shago bai gama kakkaɓe ƙura ba, mai shayi bai gama hura gawayi ba, an riga an buɗe lissafin ƙwallon da aka kalla ranar Asabar da Lahadi. Haka abin yake a kasuwar Dole ta Damagaram, haka a Tawa, haka a Katako ta Yamai. Wanda ƙungiyarsa ta ci yakan zo da wuri yana gaida kowa, wanda aka lallasa tasa kuwa sai hantsi ya dubi ludayi za a gan shi, yana cewa wai ya biya ta tasha ɗaukar kaya.

Shekaru da dama ke nan magoya bayan Manchester United ta ƙasar Ingila, wadda mutanenmu ke kira Mancesta, su ne aka fi yi wa ba'a a irin wannan zama. Daga watan Agusta na 2025 zuwa farkon Janairu na 2026 kuwa, abin ya tashi daga ba'a tsakaninsu da ƴan Arsenal ko ƴan Chelsea, ya koma rigimar cikin gida: a kori mai horar da ƙungiyar, Ruben Amorim ɗan ƙasar Fotugal, ko a ƙara masa lokaci? A shirin wasanni da nake gabatarwa a rediyo, a waɗannan watanni da wuya a yi kira uku ba a tayar da maganar ba. Na kuma zagaya rumfunan kasuwa da fadar samari na saurari abin da ake cewa. An riga an sallami Amorim, amma gardamar tana nan, domin kuwa tambaya ce da kowane ɗan kasuwa ya taɓa yi wa kansa: idan ciniki ya ja baya, yaron shago za a kora ko akwai wani wurin da ya kamata a fara dubawa?

Abin da ya harzuƙa magoya baya

Amorim ya kama aiki a watan Nuwamba na 2024 yana da shekara 39, bayan ya ci wa ƙungiyar Sporting gasar ƙasar Fotugal sau biyu, a 2021 da 2024. An tarbe shi kamar sabon ango. To amma da kakar wasa ta ƙare a watan Mayu na 2025, Mancesta tana matsayi na 15 cikin ƙungiyoyi 20 na gasar Firimiya, da maki 42, an doke ta sau 18. Rabon da ta yi ƙasa haka tun 1974, shekarar da ta faɗa rukuni na biyu. A wannan wata kuma Tottenham ta doke ta 1 da 0 a wasan ƙarshe na kofin Europa a birnin Bilbao na ƙasar Sifen, abin da ya hana ta shiga kowace gasar Turai a kakar da ta biyo baya.

Ana cikin jinyar wannan sai a watan Agusta na 2025 wata ƙaramar ƙungiya mai suna Grimsby Town, da ke rukuni na huɗu, ta fitar da ita daga kofin Lig. Sun tashi 2 da 2, aka je bugun fenalti, Grimsby ta ci 12 da 11. Washegari a kasuwa akwai masu shagon da suka ƙi amsa gaisuwar maƙwabtansu.

Abin da ya fi ci wa magoya baya rai shi ne taurin kan kocin. Tsarinsa guda ne, wato ƴan baya uku, da mutum biyu masu kai da komowa a gefen fili. Akasarin ƴan wasan da ya tarar an sayo su ne don wani tsari na daban, amma ya daɗe yana nuna cewa ba zai sauya ba.

Masu cewa a kore shi

Samari ne suka fi yawa a wannan ɓangare. Wani matashi mai sayar da wayoyin hannu ya ce da ni shi bai ga abin gardama ba. A cewarsa, idan direba ya jefa motar Alhaji cikin rami sau biyu sau uku, ba a jiran ya kashe fasinja kafin a karɓe makulli. Hujjarsu ta farko ita ce Chelsea. A watan Maris na 2012 ta kori André Villas-Boas ta ba mataimakinsa Roberto Di Matteo riƙo, kafin Mayu ya ƙare ta ɗauki kofin Zakarun Turai a gidan Bayern Munich, a wasan da Didier Drogba ya farke da ka sannan ya buga fenaltin ƙarshe. A Janairun 2021 ta sake korar Frank Lampard ta kawo Thomas Tuchel ɗan Jamus, bayan wata huɗu ta sake ɗaukar wannan kofi a hannun Manchester City.

Hujjar da ta fi ƙarfi kuwa a nan kusa da mu ta faru. A gasar kofin Afirka da aka yi a Kodebuwa a farkon 2024, Gini Ikwatoriya ta zuba wa masu masaukin baƙi 4 da 0 a Abijan, mutane suka yi ta kuka a titi. Hukumar ƙwallon ƙasar ta sallami Bafaranshe Jean-Louis Gasset ana tsakiyar gasa, ta miƙa ragama ga mataimakinsa Emerse Faé, ɗan ƙasa. Ranar 11 ga Fabrairu, waɗannan ƴan wasa da aka gama zagi su ne suka doke Najeriya 2 da 1 suka ɗaga kofi. Matashin nan ya ce: "Ƴan wasan nan ba sababbi anka kawo ba, koci kaɗai anka sake. To mi ya hana Mancesta ta yi haka?"

Masu cewa a yi haƙuri

A ɗaya ɓangaren akwai dattawa da suka fara bin ƙungiyar tun zamanin da sai dai a ji sakamako a akwatin rediyo. Wani Alhaji mai shagon yadi ya amsa wa yaron da cewa: "Ɗana, da an bi shawarar irinku a 1989, da ba ku san wani abu wai shi Mancesta ba." Abin da yake nufi shi ne tarihin Alex Ferguson, wanda ya zo daga Aberdeen ta Sikotilan a watan Nuwamba na 1986, ya yi shekara uku da rabi bai ɗauki kofi ko ɗaya ba. A watan Satumba na 1989 Manchester City ta ci su 5 da 1, ƴan kallo suna ta kiran ya tafi. A kakar ta ƙare a matsayi na 13. Shugabannin ƙungiyar suka toshe kunne, a watan Mayu na 1990 ya ɗauki kofin FA, a 1993 ya kawo kofin gasar ƙasa wanda rabonsu da shi tun 1967. Kafin ya yi ritaya a 2013 ya ci gasar Firimiya sau 13, da kofin Zakarun Turai sau biyu, a 1999 da 2008.

Alhajin ya ɗaga yatsu ya lissafa waɗanda suka biyo baya. David Moyes, an ba shi kwantiragin shekara shida, aka kore shi a Afrilun 2014 bai cika shekara ba. Louis van Gaal, ya ɗauki kofin FA a Mayun 2016, bayan kwana biyu aka sallame shi. José Mourinho, ya kawo kofin Lig da na Europa a 2017, aka kore shi a Disambar 2018. Ole Gunnar Solskjaer ya tafi a Nuwambar 2021 bayan Watford ta ci su 4 da 1. Erik ten Hag ya ɗauki kofin Lig a 2023 da na FA a 2024, aka kore shi a Oktoban 2024. Da Amorim shida ke nan, ban da masu riƙon ƙwarya. Daga 2013 har zuwa 2025 ƙungiyar ba ta sake ɗaukar kofin Firimiya ba. Sai ya tambayi jama'a: mutumin da ya sallami yaran shago shida a jere, kowanne ya zo da shaidar iya aiki daga inda ya fito, har yanzu yaran ne ke da matsala?

Masu haƙuri sukan kuma kawo misalin Arsenal. A Disambar 2020 tana matsayi na 15, magoya bayanta na nan kasuwa suna rantsuwa cewa Mikel Arteta bai san komai ba. Ba a kore shi ba, ƙungiyar ta tashi har ta zo ta biyu shekara uku a jere, 2023 da 2024 da 2025.

Akwai kuma abin da ke ruɗar masu son kora. Ba a korar koci sai abubuwa sun kai maƙura wajen lalacewa, kuma ƙungiya mai manyan ƴan wasa ba ta dawwama a irin wannan hali ko da an bar kocin. Saboda haka duk wanda ya zo a lokacin, nasarar farko sai a ce tasa ce. Solskjaer ya ci wasanninsa takwas na farko a jere, ya je Faris ya fitar da PSG a watan Maris na 2019, aka yi gaggawar ba shi kwantiragin shekara uku. A wasanni goma da suka rage na kakar, biyu kacal ya ci.

Mai girki da mai cefane

Maganar da ta fi tsaya mini a rai ba daga bakin masu gardamar ta fito ba. Wata Hajiya ce mai sayar da shinkafa da miya kusa da wani gidan kallon ƙwallo. Ba ta taɓa zama kallon wasa ba, amma ta san ranar da aka ci Mancesta, domin ranar samari ba su tsayawa cin abinci, kuma masu bashi ba su biya. Da ta ji hayaniya ta yi yawa sai ta ce: "Ku ƴaƴan nan, in miya ta ɓaci, kafin ku kori mai girki ku tambayi wanda ya yi cefane. In ruɓaɓɓen tumatir anka kawo mata, ko wa kunka ɗauko haka za ta fito."

Wannan magana ta dace da Mancesta ƙwarai. A ƙwallon Turai, koci shi ne mai girki, masu ƙungiya da daraktocinsu su ne masu cefane. Ku duba irin sarin da aka riƙa yi. Paul Pogba ya bar ƙungiyar a 2012 ya tafi Juventus da kwantiraginsa ya ƙare. A 2016 suka sake sayo shi a kan yuro miliyon 105, kimanin miliyar 69 na sefa, a 2022 ya sake komawa Juventus ba a karɓi ko dala ba. Antony ɗan Barazil an sayo shi daga Ajax a 2022 a kan yuro miliyon 95, wato sama da miliyar 62 na sefa, a 2025 aka sayar da shi ga Real Betis a kan kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na wannan kuɗi. Ɗan kasuwar da ke sari irin wannan, ko yaronsa waliyyi ne sai jari ya karye.

Sai dai idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ten Hag da kansa ya nemi a sayo masa Antony, da Lisandro Martínez, da mai tsaron gida André Onana ɗan Kamaru, da Matthijs de Ligt, da Noussair Mazraoui, dukansu yaran da ya horar a Ajax. Masu gida suka bi shi suka biya. Da ya tafi, wanda ya gaje shi ya zo da nasa tsarin, aka ba da aron Marcus Rashford da Onana, aka sayar da Alejandro Garnacho ga Chelsea, aka sayo Matheus Cunha da Bryan Mbeumo da Benjamin Sesko. A nan ne asarar kora take ɓoye: kowane sabon mai girki yana zuwa da jerin cefanensa, abin da na baya ya sayo kuma ya yi kwantai, sai a karyar da shi.

Su wane ne masu gidan? Iyalan Glazer na ƙasar Amurka sun sayi ƙungiyar a 2005, akasari da kuɗin bashi, suka ɗora bashin a kan ƙungiyar, ita ke biyan kuɗin ruwa. Kamar mutum ne ya ci bashi ya sayi shagonka, sannan ya ce daga cinikin shagon za a riƙa biya. A watan Mayu na 2024, bayan wasa da Arsenal, duniya ta ga ruwan sama yana kwarara ta rufin filin Old Trafford. A farkon wannan shekarar ne attajirin Ingila Jim Ratcliffe ya sayi sama da kashi ɗaya cikin huɗu na ƙungiyar, aka bar masa kula da harkar ƙwallo.

Lissafin kora

Ku ƴan kasuwa kun san cewa raba gari da abokin aiki ba kyauta ba ne. A watan Yuli na 2024 sababbin shugabannin suka tsawaita wa Ten Hag kwantiragi, suka sayo masa ƴan wasa biyar. Ba a yi wata huɗu ba suka kore shi. Kuɗin sallamarsa da mataimakansa ya kai fam miliyon 10.4, kimanin miliyar 8 na sefa. Suka kuma biya Sporting wajen yuro miliyon 11, sama da miliyar 7 na sefa, domin ta saki Amorim. Daraktan wasanni Dan Ashworth, wanda suka yi wata da watanni suna nema, wata biyar ya yi aka sallame shi da fam miliyon 4.1.

A daidai wannan lokaci ƙungiyar ta rage ma'aikata 250 a 2024, ta kuma ba da sanarwar rage wasu da za su iya kai 200 a 2025, ta soke abincin rana na kyauta da ake ba ma'aikata a Old Trafford, ta ƙara kuɗin tikiti a kan ƴan kallo. Da na faɗa wa Hajiya mai shinkafa wannan, sai ta riƙe baki ta ce ashe ko a ƙasar Turawa mai kuskure daban, mai biya daban.

A watan Oktoba na 2025 Ratcliffe ya faɗa wa ƴan jarida cewa Amorim na buƙatar shekara uku domin ya nuna abin da ya iya. Ranar 4 ga Janairu na 2026, bayan an tashi 1 da 1 da Leeds, Amorim ya fito ya nuna fushinsa a gaban ƴan jarida, yana mai cewa shi ya zo ne a matsayin manaja mai faɗa a ji, kowane sashe na ƙungiyar kuma ya yi nasa aikin. Wato mai girki ya nemi a ba shi iko a kan cefane. Washegari aka sallame shi, ƙungiyar tana matsayi na shida, ya yi wata 14 a kan aiki. Da labarin ya iso kasuwa, masu son kora suka yi ta tafawa, Alhaji mai yadi kuwa ya ce shekara ukun attajiri ta ƙare cikin wata uku.

Mu ma mun taɓa gani

Ba sai mun je Ingila ba. Harouna Doula, ɗan ƙasa, shi ne ya kai Mena gasar kofin Afirka karo na farko a tarihi, bayan ta fito daga rukunin da ke da Masar da Afirka ta Kudu da Saliyo. Waɗanda suka kalla ba za su manta ranar da Moussa Maâzou ya ci Masar, mai riƙe da kofi, a Yamai a watan Oktoba na 2010 ba. Hukumar ƙwallon Afirka ta zaɓi Doula gwarzon koci na shekarar 2011. Da gasar 2012 ta gabato aka kawo Bafaranshe Rolland Courbis a matsayin mai ba da shawara, kuma bayan Gabon ta ci mu 2 da 0 a wasan farko ragama ta koma hannunsa. Tunisiya ta ci mu 2 da 1, Maroko ta ci mu 1 da 0, muka dawo gida ba maki ko ɗaya. Abin da Kodebuwa ta yi a 2024 ta dace, mun yi makamancinsa a 2012 ba mu dace ba. Kodebuwa tana da ƴan wasa irin su Franck Kessié da Sébastien Haller da Simon Adingra, waɗanda ke buga wa manyan ƙungiyoyi, abin da ya rage shi ne a kwantar musu da hankali. Mena kuwa gasarta ta farko ce, sauya koci a cikin kwana uku ba ya ƙara wa ƴan wasa ƙwarewar da ba su riga sun tara ba.

To ke nan wa ke da gaskiya?

Kowane ɓangare na da abin kamawa. Akwai lokacin da kora ta zama dole: idan kaya masu kyau ne, kuɗi sun fita, amma wanda aka ba amana ya rasa kan mutanensa, ba su jin maganarsa. Haka ya faru da Chelsea da Kodebuwa. Idan kuwa an sauya mutum shida cikin shekara 13 ciwon yana nan, to ruwa ba ya tsami banza, sai mai gida ya zauna ya duba littafin sarinsa. Kora ta fi sauƙi domin tana kashe hayaniya na ɗan lokaci, kuma mai gida ba ya korar kansa.

Kafin in bar rumfar Alhaji mai yadi, wani maƙwabcinsa mai kayan masarufi, wanda bai sa baki a gardamar ba tun safe, ya jawo ni gefe. Ya ce shi ƙwallo bai dame shi ba, amma a cikin shekara biyu ya sallami yara uku daga shagonsa saboda ciniki ya ragu, kuma dama yana shirin sallamar na huɗu a ƙarshen wata. Ya ce yanzu zai fara ɗauko littafi ya duba farashin da yake sarowa da na maƙwabtansa tukuna. Yaron yana can bakin shago yana jera kwalayen sabulu, bai san abin da ake ciki ba.

Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya kuma ba ƴan Mancesta haƙurin safiyar Litinin.